Tsaki a Hoto da Batun Sauya Kyamara: Shawara ga Mai Ƙaramin Aljihu



Malam shugaban zama, malamanmu masu girma, yayyenmu ma'aikata da suka baro ofis suka zo, 'yan'uwa ɗalibai maza da mata, muna yi muku barka da zuwa. Mu da aka ɗora wa nauyin yin wannan magana ɗalibai ne 'yan koyo, waɗanda sha'awar ɗaukar hoto ta haɗa a nan Dutsin-Ma. Abin da za mu faɗa yau mun koye shi ne ta hanyar kuskure da asara, sa'an nan muka koma ga karatu domin mu gane dalilin kuskuren. In mun yi daidai, to, alhamdu lillahi. In kuwa mun kauce, akwai magabata a zauren nan, sai su gyara mana.

Bari mu fara da labarin abin da ya same mu. Wata rana aka gayyace mu Kurfi ɗaurin auren yayan ɗaya daga cikinmu, aka ce mu ne masu hoto. Muka tafi da kyamararmu guda ɗaya tak, irin ta masu fara koyo, tare da ɗan gilashin nan da ake sayar da ita da shi. Da rana komai ya tafi lami lafiya. Bayan sallar Magariba sai aka shigar da mu cikin gida, aka ce a ɗauki kakar ango tare da jikokinta. Tsohuwa ce da ta manyanta ƙwarai, kuma ba ta cika yarda a ɗauke ta ba. Hasken da ke tsakar gidan ƙwan lantarki ne guda ɗaya a can jikin bango. Muka ɗauka, muka duba a ɗan allon bayan kyamara, muka ga kamar ya yi. Sai da muka dawo makaranta muka buɗe a kwamfuta, sa'an nan jikinmu ya yi sanyi. Fuskar tsohuwar ta cika da ɗige-ɗige, wasu ja wasu kore, kamar an watsa mata tsakin dawa. Kafin mu sami damar komawa mu sake, Allah ya yi mata rasuwa. Wannan hoton shi ne na ƙarshe da iyalinta suke da shi.

Daga ranar sai gardama ta tashi a tsakaninmu. Wasu suka ce laifin kyamara ne, a kafa adashi a sayo babba irin ta ƙwararru. Wasu suka ce a dakata tukuna a bincika. To, jama'a, wannan gardama ba tamu ba ce mu kaɗai. Duk wanda ya riƙe kyamara shekara ɗaya ko biyu, ko ɗalibi ne ko jami'in watsa labarai na ƙaramar hukuma, sai ta same shi. Kuma batu ne na kuɗi masu nauyi. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, alhali babbar kyamara, ko da ta hannu ce, takan lashe irin wannan albashi na watanni da dama. Sabili da haka ya wajaba mutum ya san ciwon kafin ya sayi magani.

Mene Ne Tsaki?

Turawa suna kiran wannan aibi da kalmar da ma'anarta ita ce hayaniya, sun aro ta daga masu aikin rediyo. Mu dai mun zaɓi mu ce masa tsaki, domin da shi ya fi kama a ido. Da farko ya kamata a rarrabe shi da waɗansu aibobi uku da akan gauraya su da shi. Na ɗaya shi ne dishi-dishi, watau hoto ya fito ba kaifi saboda hannu ya motsa, ko wanda ake ɗauka ya motsa, ko saiti bai zauna a kan fuska ba. Na biyu shi ne tabon ƙura, wanda hunturu ke jawo mana: 'yan baƙaƙen tabo masu zama a wuri guda a kowane hoto, musamman a sararin sama. Na uku shi ne ratsi-ratsi, layuka masu haske da duhu da kan fito a ƙarƙashin wasu fitilun zamani. Dalilinsa shi ne wutar lantarkin ƙasarmu tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, fitilar kuwa tana ƙyaftawa sau 100, ko da yake ido ba ya gani. Maganinsa a sa ƙyauren kyamara a kan 1/50 ko 1/100. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan maganinsa dabam ne, kuma babu wanda ke bukatar sabuwar kyamara.

Shi kuwa tsaki asalinsa yana cikin halittar haske ne kansa. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa haske yana isowa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma a kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel ta 1921. A cikin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan allo mai karɓar haske, wanda aka rarraba shi zuwa miliyoyin ƙananan gurabu, kowane gurbi yana ƙidaya ƙwayoyin hasken da suka faɗa cikinsa. Willard Boyle da George Smith ne suka ƙago irinsa na farko a Amurka a 1969. A 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamara ta farko da ba ta bukatar fim. Gurabunta 10,000 ne kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Kyamarar masu koyo ta yau, irin su Nikon D3500 ko Canon EOS 2000D da suka fito a 2018, tana da gurabu miliyan 24. Saboda haka wadda muke rainawa ta ninka waccan sau 2,400.

Domin mu fahimci yadda tsaki ke samuwa, mu ɗauka an jera kwanoni 100 a tsakar gida, sai aka yi ɗan yayyafi na minti ɗaya. In muka duba, wani kwanon ya sami ɗigo 8, wani 12, wani 10, ko da yake duk a ƙarƙashin hadari guda suke. Amma in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya aka kwana ana yi, da safe duk kwanonin za su yi kusan kai ɗaya. Haka gurabun kyamara suke. In haske ya yi ƙaranci, gurbi da maƙwabcinsa sukan sami ƙidaya mabambanciya, wannan bambanci kuwa shi ne ido ke gani a matsayin ɗige-ɗige. Wani masani Bajamushe, Walter Schottky, ya bayyana irin wannan hali a 1918, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Gurbin da ya sami ƙwayoyi 100, kuskurensa kamar 10 ne, watau kashi ɗaya cikin goma. Wanda ya sami 10,000, kuskurensa kamar 100 ne, watau kashi ɗaya cikin ɗari. Ƙa'idar da za mu riƙe ke nan: in ka ninka haske sau 4, ka rage tsaki da rabi. Duk sauran maganarmu ta yau a kan wannan ƙa'ida take tsaye.

Akwai kuma ɗan ƙarin tsaki da na'urar kanta ke haifarwa sa'ad da take karanta ƙidayar, da wanda zafi ke jawowa. Na zafin nan yakan ninka duk sa'ad da ɗumin allon ya ƙaru da digiri 6 zuwa 8, kuma ya fi bayyana in aka bar ƙyaure a buɗe na daƙiƙoƙi masu yawa, ko aka daɗe ana ɗaukar bidiyo. Mu da muke zaune inda zafin bazara kan kai digiri 40 a watan Afrilu, bai kamata mu bar kyamara ta yini a cikin mota ko a rana ba.

Batun ISO

Yawancin masu koyo sun ɗauka lambar ISO ce ke kawo tsaki. Wannan zato ya samo asali ne daga zamanin fim. Iyayenmu masu shagon hoto sun san fim mai lamba 100 da mai lamba 400. Mai babbar lamba ya fi jin haske domin ƙwayoyin azurfar da ke jikinsa sun fi girma, girman nasu kuwa yakan fito a hoto in an wanke. Amma a kyamarar zamani allon guda ɗaya ne, ba ya sauyawa. Ƙara ISO daidai yake da murɗa muryar rediyo. Wanda ya taɓa neman tasha mai nisa a gajeren zango da dare ya sani: in tashar ta yi rauni, ka ƙara murya, sai maganar da shuuu ɗin su tashi tare. Raunin tashar ne ya kawo shuuu, murɗawar ta fito da shi fili ne kurum.

Wannan fahimta tana da amfani a aikace. Mu a daren Kurfi tsoron ISO ya sa muka tsaya a 800, hoto ya fito da duhu, muka zo muka haskaka shi a kwamfuta. Nan muka ƙara wa kanmu wahala, domin a kyamarori da yawa, musamman tsofaffi, haskakawar baya ta fi fito da tsaki fiye da a ce tun farko an sa 3200. Shawararmu ita ce: fara buɗe ƙofar haske iyakar yadda aikin zai yarda, sa'an nan ka rage saurin ƙyaure iyakar yadda ba za a sami dishi-dishi ba, daga ƙarshe ka ƙara ISO har hoto ya yi hasken da ya kamata, ba tare da fargaba ba. Hoto mai tsaki amma mai kaifi yana da gyara. Wanda ya yi dishi-dishi kuwa sai haƙuri.

Mu Zauna Mu Yi Lissafi

Yanzu sai mu auna hanyoyin samun ƙarin haske ɗaya bayan ɗaya, mu ga wacce ta fi araha.

Hanya ta farko ita ce sayen babbar kyamara. Allonta milimita 36 ne a tsawo da 24 a faɗi, daidai da girman fim na dā. Na kyamarar masu koyo kuwa kamar 23 ne da 15. In aka buga lissafi, babban ya ninka ƙaramin kusan sau biyu da rabi. Ke nan haske zai ninka sau biyu da rabi, tsaki kuwa zai ragu da ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin uku. Ci gaba ne, babu shakka, amma bai kai yadda masu talla suke kururutawa ba.

Hanya ta biyu ita ce sauya gilashi. Gilashin da ake haɗawa da kyamarar masu koyo shi ne mai lamba 18 zuwa 55. In ka jawo hoto kusa da shi, ƙofarsa ba ta buɗewa fiye da f/5.6. A nan a lura, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Akwai wani ɗan gilashi mai lamba 50 wanda ke buɗewa har f/1.8, kuma yana cikin mafiya araha a duk kamfanoni. Daga f/5.6 zuwa f/1.8 haske yakan ninka kusan sau 10, tsaki ya ragu ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku na yadda yake. Ku duba da kyau, 'yan'uwa: gilashin da kuɗinsa bai kai rabin na babbar kyamara ba ya ba da haske sau 10, ita kuwa ta ba da sau biyu da rabi. Sai dai shi ma yana da sharaɗi. In ƙofa ta buɗe sosai, abin da ke fitowa da kaifi ba shi da zurfi, saboda haka in mutane sun yi sahu biyu ko uku, na baya za su yi dishi-dishi. Kuma a ƙaramin ɗaki mai lamba 50 yakan matse, mai lamba 35 ya fi dacewa.

Hanya ta uku ita ce ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai. Da hannu da ƙyar mutum ke iya sauka ƙasa da 1/60 ba tare da rawa ba. A kan ƙafa uku kuwa za ka iya barin ƙyaure a buɗe daƙiƙa ɗaya cur, watau haske ya ninka sau 60. Ga mai son ɗaukar dam ɗin Zobe bayan faɗuwar rana, ko duwatsun da suka ba garin nan sunansa, ko ginin masallaci da asuba, babu kyamarar da za ta ba shi abin da ƙafa uku za ta ba shi. In babu ita, buhun gero ko katanga ko turmi da aka kife duk sun wadatar. Amma wannan dabara ta abin da ba ya motsi ce. Mutum mai magana yana bukatar 1/125, dokin da ke sukuwa a hawan Sallah kuwa sai 1/1000 ko kusa da haka.

Hanya ta huɗu ko kwabo ba ta ci, ita ce kuma ta fi ba mu takaici da muka gane ta. Ƙarfin haske yana raguwa ne da nisa ninki a kan ninki. In mutum yana taku 4 daga fitila, ka matso da shi zuwa taku 2, hasken da ke fuskarsa ya ninka sau 4, tsaki ya ragu da rabi. Da a daren nan mun roƙi arziki an matso da tabarmar tsohuwa kusa da ƙwan lantarki, aka kuma sa yaro ya riƙe farin zane a ɗaya gefen domin ya mayar da haske, da labarin ya sha bamban. Rashin sani ya fi dare duhu. Haka nan filasha ta ɗorawa a ka, in aka harba ta sama ta bugi farin silin ko farin bango ta dawo, takan ba da haske mai laushi, ba irin na ƙaramar filashar jikin kyamara mai sa goshi ƙyalli ba. Har fitilar sola ta caji, in an rufa mata farin ƙyalle, tana aiki.

Farar Riga da Baƙar Fata

Akwai wata matsala da ta shafe mu fiye da yadda littattafan ƙetare suke bayani. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, zai ba da launin toka-toka. To, ku tuna da wurin ɗaurin aure ko filin Idi a ƙasar Katsina: manyan riguna farare sol, da rawuna farare. In kyamara ta ga wannan fari sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Riga ta koma toka-toka, fuska kuwa ta nutse cikin duhu. In aka zo haskaka fuskar daga baya, nan tsaki ke taruwa, domin tsaki a inuwa yake zama. Maganin shi ne ka umarci kyamara ta ƙara haske da mataki ɗaya ko kusa da haka, kana lura kada aikin zaren da ke wuyan riga ya ɓace. Wannan matsala tsohuwa ce. Tun a shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke aika wa masu wanke hoto domin daidaita launi hoton Baturiya ne a jiki, aka daɗe ana auna fatar kowa da tata. Na'urori sun gyaru ƙwarai daga baya, amma har yanzu mai hoto a ƙasar Hausa tilas ne ya sa ido a kan fuska da kansa.

Bayan An Ɗauka

In kyamararka tana da tsarin RAW, yi amfani da shi a duk aikin dare. Hoton JPEG matakan haske 256 yake ajiyewa a kowane launi, RAW kuwa 4,096 ko 16,384, saboda haka ya fi jure gyara. Akwai manhajojin gyara na kyauta, kamar darktable da RawTherapee. A wajen gyara a fara cire ɗige-ɗige masu launi, ja da kore, domin su ne suka fi muni, kuma cire su ba ya cutar da hoto sosai. Tsakin da ba shi da launi kuwa a bar kaɗan daga cikinsa. Wata dabara kuma, in abin ba ya motsi, ita ce a ɗauki hoto 16 a wuri guda a haɗe su, tsaki zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ita ce dabarar da wayoyin hannu ke yi a ɓoye in an sa su a tsarin dare, tun da Google ya fito da nasa a 2018. Kada kuma mu manta, tsakin da ke firgita mu sa'ad da muka ƙura wa hoto ido a kwamfuta yawanci ba ya fitowa in an wanke shi a girman da ake sa wa a albam. In za a tura wa mai wankewa ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin kada a matse shi ya lalace.

A nan akwai gargaɗi. A 'yan shekarun nan an fito da manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, kamar wadda Adobe ya sa a Lightroom a 2023, waɗanda ke share tsaki har abin ya ba mutum mamaki. Suna da amfani in an yi da hankali. Amma a sani, inda bayani ya ɓace, na'urar cikewa take yi da zato. Mu mun sa hoton tsohuwar nan a wata manhaja ta waya mai gyara fuska, ya fito sumul. Muka wanke guda biyu, gyararre da na asali, muka kai Kurfi. Mahaifiyar ango ta daɗe tana kallon gyararren, sa'an nan ta ce, “'Ya'yan nan, wannan ai ba Inna ba ce.” Ashe na'urar ta ɗauki tsagar gadon da ke kumatunta da tamojin fuskarta a matsayin tsaki, ta goge su. Mai tsakin suka zaɓa, shi ne ke rataye a ɗakinsu. Ga ma'aikacin da ke ɗaukar hoto domin rahoto ko shaida, wannan batu ya wuce na ado, ya zama na amana.

Yaushe Ya Kamata A Sauya?

Kada a fahimce mu da cewa babbar kyamara ba ta da rana. Tana da ita. In ka riga ka mallaki gilashi mai buɗewa, ka iya sarrafa haske, amma aikinka ya zama na dare ne da mutane masu motsi, inda ba a yarda da filasha ba, kamar wajen tafsiri ko tashe a watan azumi, to, ka isa sauyawa. Haka kuma in saitin kyamararka yana ta laluben fuska a duhu har abin ya wuce, ko kana aikin kuɗi da ke bukatar kyamara mai gurbin kati biyu domin kada hotunan bikin mutane su salwanta. Sharaɗin dai shi ne aikin ya biya kuɗinta. Kada a ci bashi, kada a taɓa kuɗin makaranta.

Tun da Canon da Nikon suka fito da manyan kyamarorinsu marasa madubi a 2018, ƙwararru da yawa suna ta sayar da tsofaffin nasu, irin su Canon EOS 6D ta 2012 da Nikon D750 ta 2014, kuma har yau suna aiki mai kyau. Amma mai saye ya tuna da ɓoyayyen kashe kuɗi: gilashin ƙaramar kyamara ba ya cika allon babba, wani ma ba ya shiga bakinta sam. In za ka sayi ta hannu, je da kanka da katinka, domin zuwa da kai ya fi saƙo. Bincika sau nawa ƙyaurenta ya buga, domin yana da iyakar kwana. Ɗauki farin bango a f/16 ka ga ko akwai ƙura ko ƙarzuwa a allo. Rufe gilashi da marfinsa ka ɗauki duhu na daƙiƙa 10 ka ga ko akwai gurabun da suka mutu suna ƙyalli. Haska tocila ta cikin gilashi ka duba ko fumfuna ta kama shi, domin kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku suna yawan yin haka. In mai kaya ya hana ka gwadawa, yi masa sallama.

Mu dai a ƙarshe adashinmu bai kai ga babbar kyamara ba, kuma ba mu yi nadama ba. Gilashi mai lamba 50 muka saya na hannu, da filasha guda, da ƙafa uku, har canji ya rage. Da aka yi sunan ɗan fari na angon nan muka koma gidan da kyamararmu ta dā, a tsakar gidan nan, a ƙarƙashin ƙwan lantarkin nan, hotuna kuwa suka fito tas.

Abin Da Ke Gabanmu

Magabata a wannan sana'a ba su jira kayan tsada ba. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ne da ƙaramar kyamara Brownie a 1950, daga 1968 kuma ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara hotuna kusan 1,000, waɗanda yau ake nunawa a manyan gidajen tarihi na duniya. Seydou Keïta na Bamako yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, da filasha ya riƙa bin wuraren wasan samari da dare, har aka ba shi babbar kyauta a birnin Venis a 2007. A zamaninmu kuma Fati Abubakar ta ɗauki rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, a lokacin da duniya ba ta jin komai game da su sai labarin tashin hankali.

Misalinta ya shafe mu kai tsaye. Shekarun nan in aka ambaci Dutsin-Ma ko Kurfi a jarida, galibi labarin 'yan bindiga ne. A 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin nan biyu da wasu maƙwabtansu saboda matsalar tsaro. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, ba za mu ɓoye ta ba. Amma ƙasar Yandaka da ƙasar Maraɗi suna da sauran abin nunawa: masunta a Zobe, manoman rani, maƙera da majema, mai shayi da mai tsire a ƙarƙashin fitila, 'yan makarantar allo da dare, da jami'ar nan da aka kafa a 2011 wadda ta tara 'ya'yan ƙasa daga ko'ina. Da yawa daga cikin wannan rayuwa da asuba ko bayan Magariba take gudana, lokacin da haske ya yi ƙaranci. In muka ce sai mun sami kyamarar miliyoyi za mu ɗauka, tsofaffinmu za su tafi, sana'o'in su shuɗe, jikokinmu kuma su tashi ba su da abin gani sai abin da baƙo ya ɗauka. Sai dai a kiyaye ladabi: a nemi izini kafin a ɗauki mutum, musamman mata da cikin gida, kada kuma a je inda hukuma ta hana ko inda rai ke cikin haɗari saboda hoto.

Saboda haka roƙonmu ga 'yan'uwa shi ne, kafin kowa ya kai kuɗinsa kasuwa, ya ɗauki kyamarar da ke hannunsa, ko wayarsa ce, ya yi mako guda yana gwada abubuwan nan: ya matso da mutum kusa da fitila, ya jingina kyamara a kan abu mai ƙarfi, ya ƙara haske in ya ga fararen riguna, ya daina tsoron ISO. In an yi hutu kuma, ya fara da tsofaffin gidansu tun suna raye.

 Ga kyamarar nan da gilasan biyu a kan tebur, duk mai son gwada bambancinsu da idonsa sai ya matso bayan tambayoyi. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa mu dace.